Ɗauki ko katsalandan? Sharhi a kan kalmomin shigowar sojan waje, daga Kurfai zuwa rikicin 2023

1. Gabatarwa

Ran 26 ga Yuli 2023 sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum. Bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tiani, ɗan asalin yankin Filinge, ya bayyana a matsayin shugaban majalisar soja ta CNSP. Ran 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja, suka ba sojan Yamai wa'adin mako ɗaya su mai da shugaban bisa kujerarsa, in ba haka ba a ɗauki duk matakin da ya kama, har da na ƙarfi. Ran 10 ga Agusta suka ba da umurni rundunar ko-ta-kwana ta ɗaura ɗamara. Rundunar ba ta ƙetare iyaka ba. Duk da haka an yi makonni, a gidajen rediyo da wuraren hira, daga Yamai zuwa Filinge, daga Maraɗi zuwa Kano, ana gardama a kan tambaya guda: shin doka ta yarda?

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan yadda aka yi wannan gardama da Hausa. Mu masu nazarin harshe ne, don haka ta ƙofar harshe za mu shiga. Takardun CEDEAO da na hukumomin Yamai da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, kuma a cikinsu kalma ɗaya, « intervention », ta ishi kowa. Da aka zo fassara sai aka tarar Hausa ba ta da kalma mai zaman tsaka-tsaki irin wannan. Duk wadda mai fassara ya ɗauka, ya riga ya yanke hukunci kafin mai sauraro ya ji hujja. Hukuncin kuwa a kan abu guda yake juyawa, wanda shi ne kuma cibiyar matsalar a wajen masana doka: wa ya yi kira, kuma yana da bakin kira? Za mu ga cewa mutanen Kurfai sun san wannan tambaya tun farkon ƙarni na 20. Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris 2025, sa'ad da kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshen da aka ɗora wa wannan kaya bai kamata ya ci gaba da faɗin dokar yaƙi da zaman lafiya da ka ba.

2. Abin da doka ta tanada

Tushen maganar shi ne kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, wanda Nijar ta shiga ƙarƙashinsa ran 20 ga Satumba 1960. Aya ta 2, sakin layi na 4, ta hana kowace ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata, ta kuma hana barazanar yin haka. Wannan kashi na biyu sau da yawa akan manta da shi. Kotun Duniya da ke Hague ta bayyana a 1996, cikin ra'ayin da ta bayar game da makaman nukiliya, cewa idan amfani da ƙarfi a wani hali ya saɓa wa doka, to barazanar yinsa ma ta saɓa. Ke nan wa'adin 30 ga Yuli shi kansa abin aunawa ne, ko da ba a harba harsashi ɗaya ba.

Wannan hani yana da ƙofofi uku. Ta farko ita ce kare kai, bisa aya ta 51: ƙasar da aka kai wa hari da makami tana iya kare kanta, ƙawayenta kuma suna iya taya ta idan ta nema. Ta biyu ita ce izinin Kwamitin Sulhu bisa babi na 7. A nan ne aya ta 53 ta shafi ƙungiyoyin yanki irin CEDEAO: ba su da ikon ɗaukar matakin tilastawa sai da izinin Kwamitin. Ƙofa ta uku ba a rubuta ta ɓaro-ɓaro a kundin ba, daga al'adar ƙasashe ta fito, wato yardar ƙasar da za a shiga. Idan gwamnati ta gayyaci sojan waje, ba a ce an yi amfani da ƙarfi a kanta ba, muddin baƙin ba su wuce iyakar da aka yanka musu ba. A shari'ar Nikaraguwa da Amurka ta 1986 Kotun Duniya ta amince da wannan, ta kuma ƙara da cewa gayyatar ƴan adawa ba ta buɗe wannan ƙofa. A shari'ar Kwango da Yuganda ta 2005 ta nuna cewa wanda ya ba da yarda yana iya janye ta, kuma ba a buƙatar wani dogon biki kafin janyewar ta yi aiki.

A 2023 babu ƙasar CEDEAO da Nijar ta kai wa hari, saboda haka ƙofar farko a rufe take. Kwamitin Sulhu ya yi tir da juyin mulkin cikin sanarwar manema labarai, amma bai zartar da ƙuduri mai ba da izinin ƙarfi ba, kamar yadda ya yi wa Haiti a 1994 da ƙuduri mai lamba 940 don mai da Aristide. Ƙofa ta biyu ita ma ba ta buɗe ba. Duk nauyin gardamar sai ya koma kan ta uku.

3. Kalmomin Hausa da nahawunsu

Aikatau na Faransanci « intervenir » ƙi-karɓau ne. Mu dubi wannan jimla:

(1) La CEDEAO intervient au Niger.

A nan Nijar wuri ce kawai, kamar a ce ruwa ya sauka a Nijar. Jimlar ba ta faɗi wanda aka yi wa aikin ba, ba ta kuma faɗi ko alheri aka yi masa ko cuta. Kalmar da likita yake amfani da ita wajen fiɗa, ita ce ta malamin da ya yi jawabi a taro, ita ce kuma ta jirgin yaƙi. Wannan sassauci ne ya sa masu rubuta sanarwar diflomasiyya suke son ta.

Hausa kuwa takan bi ta kaikaitaccen karɓau, mai alamar « wa », ko « ma » a karin harshen yamma irin na Kurfai:

(2) a. Sojojin maƙwabta sun kai wa Nijar ɗauki.
b. Sojojin maƙwabta sun kai wa Nijar hari.
c. Sojojin maƙwabta sun yi wa Nijar katsalandan.

Ginin jimlolin kusan ɗaya ne. Alamar « wa » tana ɗaukar wanda aka amfana da wanda aka cuta duka, sunan da ke biye ne yake rarrabewa. Wato nahawu ya tilasta wa mai magana ya ambaci wanda abin ya faɗa wa, ƙamus kuma ya tilasta masa ya faɗi ko abin alheri ne. Ko da ya gudu zuwa aikatau « shiga », giredi na shida, bisa rabon Parsons na 1960, yana jiransa:

(3) a. Za su shiga.
b. Za su shigo.

Jimla (3a) ta mai magana daga Abuja ce, (3b) ta mai magana daga Filinge. Ɗafin « -o » ya nuna inda mai magana ya tsaya, kuma a wannan batu wurin tsayuwa shi ne rabin ra'ayi.

Idan muka jera kalmomin da aka yi ta ji a lokacin, za mu raba su gida uku. Gida na farko shi ne na baki: « sa baki » da « tsoma baki ». Dattawa ne suke sa baki a rikicin gona, kuma ana gode musu. Wanda ya tsoma baki kuwa ba a jira shi ba. Duka biyun magana suke nufi, saboda haka duk wanda ya fassara jerin motocin yaƙi da « tsoma baki » ya rage wa abin nauyi ƙwarai. Gida na biyu shi ne na rashin hurumi: « katsalandan », « shisshigi », da karin maganar nan ta shiga sharo ba shanu. Waɗannan sun fi kusa da « ingérence », kuma ma'anarsu ta ƙunshi cewa babu wanda ya kira mai shigar. « Mamaya » da « hari » sun wuce nan, sun kai ga abin da doka take kira « agression ». Gida na uku shi ne na amsa kira: « ɗauki », « agaji », « gudummawa ». Ba a kai ɗauki sai an ji kururuwa. Wanda ya faɗa gidan maƙwabci da dare ya ce ɗauki ya kawo, abin da za a fara tambayarsa shi ne: wa ka ji ya yi ihu?

Wasu ƴan jarida sun nemi mafita da « matakin soja » ko « amfani da ƙarfin soja ». Muna ganin wannan ya fi sauran adalci, sai dai yana da nasa aibin, domin « mataki » kalmar hukuma ce. Uba ne yake ɗaukar mataki a kan ɗa, gwamnati a kan ma'aikaci. Mai sauraro yana jin ta sai ya ɗauka CEDEAO hukuma ce da ke bisa Nijar, alhali wannan shi ne abin da ake gardama a kansa.

Abin lura shi ne rabon da ƙamus na Hausa ya yi tsakanin gida na biyu da na uku ya faɗa daidai kan ƙofa ta uku ta doka. Ɗauki shigowa ce da gayyata, katsalandan shigowa ce ba gayyata. Laifin masu fassara na ɓangarorin biyu shi ne sun ɗauki kalmar da ta amsa tambayar, suka miƙa ta kamar suna ba da labari ne kawai.

4. Wa ke da bakin kira? Abin da ya faru a Kurfai

Kurfai ƙasar Hausawa ce a kwarin Dallol Bosso, arewa maso gabas da Yamai, kuma Filinge ce babban garinta. A ƙarshen ƙarni na 19 Kurfayawa suna zaune cikin matsin hare-haren Abzinawa, ba su kuma da sarki guda mai iko bisa dukkan garuruwa. Zuri'o'i ne, kowace da dattawanta da masu tsafinta, sai jagoran yaƙi, Mayaƙi, idan ta ɓaci. Sa'ad da sojan Faransa suka iso a farkon ƙarni na 20 suka kafa bariki a Filinge, Mayaƙi Gado Namalaya ya haɗa kai da su, su kuma suka naɗa shi sarkin kanto. A watan Afrilu 1916, da Firhun, shugaban Abzinawan Iwillimmiden, ya tayar wa Faransa ya auka wa Filinge, Kurfayawa da sojan Faransa ne suka tare shi tare. Bayan wata guda aka ci shi a Anderambukan.

Da wace kalma za mu kira zuwan Faransawa Kurfai? Ga wanda aka kwashe wa gero da dabbobi shekara da shekaru, ɗauki ne. Amma waɗanda suka kawo ɗaukin ba su koma ba. Suka aza haraji da aikin tilas, suka mai da jagoran yaƙi sarkin kowa. Ba a daɗe ba amsar talakawa ta fito ta hanyar da ba a zata ba. A 1925, a wajen Shikal, wasu sababbin iskoki suka bayyana a bori, Hauka ko Babule, masu kwaikwayon Gwamna da Kumandan da sojan Nasara. Mabiyansu suka ƙi bin sarkin kanto. Kumandan Croccichia ya sa aka kama su aka kai Yamai, daga baya da yawa suka yi ƙaura zuwa Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗinsa na 1955. Masanin tarihi Finn Fuglestad, a nazarinsa na 1975, ya karanta wannan motsi a matsayin bore ga sarautar da aka ɗora wa mutanen da ba su san ta ba.

Ba mu nufin a auna 1900 da kundin 1945. Dokar Turawa ta wancan zamani ba ta ma ɗauki Kurfai a matsayin ƙasa ba. Ingila da Faransa sun ja layi daga Sayi zuwa Barruwa tun 1890 ba tare da sun tambayi kowa a nan ba. Abin da muke ɗauka daga wannan tarihi abu biyu ne. Na ɗaya, mai kiran baƙo ba koyaushe yake magana da bakin kowa ba. Na biyu, baƙon da aka kira yakan ƙarfafa wanda ya kira shi, har ya zama yardar da yake dogaro da ita daga hannunsa ta fito.

Wannan yanki ya sake ganin tambayar a zamaninmu. Ran 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojan Nijar 71 a Inates, ran 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar, cikin jihar Tilaberi. Bayan kwana huɗu, ran 13 ga Janairu, shugaban Faransa ya tara shugabannin ƙasashen Sahel biyar a garin Pau, kuma ya riga ya faɗa a fili abin da yake nema: su bayyana da bakinsu cewa su ne suke son sojan Faransa su zauna. Suka bayyana. Ta fuskar doka gayyata ta tabbata. Ta fuskar harshe kuwa, kururuwar da mai kawo ɗauki ya ce a maimaita masa da ƙarfi, ta fara kama da amsa amo. Ran 27 ga Nuwamba 2021 mutanen Tera suka tare ayarin motocin Barkhane, mutum uku suka mutu. Ran 22 ga Afrilu 2022 Majalisar Dokoki ta amince da girke sojan waje da ƙuri'a 131, 31 suka ƙi. Yarda ta samu bisa ƙa'ida, amma a bakin mutane da yawa kalmar ta riga ta tashi daga gida na uku ta koma na biyu.

5. Hujjojin CEDEAO a ma'auni

Hujja ta farko da aka kawo ita ce yarda ta tun da wuri. Nijar tana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar Lome ta 1999, wadda aya ta 25 a cikinta ta lissafa hamɓarar da zaɓaɓɓiyar gwamnati cikin dalilan da za su sa a motsa tsarin tsaron ƙungiyar, da kuma ƙarin yarjejeniyar Dakar ta 2001 kan dimokuraɗiyya. Masu wannan ra'ayi suna cewa ƙasa ta yi kururuwarta tun kafin ɓarawo ya zo. Raunin hujjar shi ne aya ta 103 ta kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ta fifita shi a kan kowace yarjejeniya, kuma aya ta 53 tana nan. Ban da haka, masana da yawa suna ganin yarda irin wannan dole ta kasance tana raye a ranar da za a shigo. Sa hannun 1999 ba ya zama ihun 2023.

Hujja ta biyu ita ce gayyatar Bazoum. Ran 3 ga Agusta ya wallafa rubutu a jaridar Washington Post yana neman Amurka da sauran duniya su taimaka a mai da tsarin mulki. Shi ne zaɓaɓɓen shugaba, bai yi murabus ba. Amma yana tsare, kuma soja da ma'aikatu da iyakoki suna hannun wasu. Tsohuwar ƙa'ida, tun hukuncin Tinoco na 1923, tana duban wanda yake riƙe da ƙasa a zahiri. Sabuwar ƙa'ida da Afirka ta ɗauko tun sanarwar Lome ta 2000 tana duban yadda aka hau mulki. A Gambiya, ran 19 ga Janairu 2017, aka rantsar da Adama Barrow a ofishin jakadancin ƙasarsa a Dakar, ya nemi taimako, sojan Senegal suka shiga a ranar. Sai dai ƙuduri mai lamba 2337 da Kwamitin Sulhu ya zartar ran nan ya goyi bayan CEDEAO ne da sharaɗin a fara da hanyar siyasa, bai ambaci izinin ƙarfi ba, kuma Jammeh ya fita ba a yi yaƙi ba. Misalin bai warware matsalar ba. A kwatanta da Mali a Janairu 2013, inda Dioncounda Traoré ya kira Faransa yana zaune a Bamako, ko Benin ran 7 ga Disamba 2025, inda jiragen Najeriya suka kai wa masu yunƙurin juyin mulki farmaki bisa roƙon gwamnatin Patrice Talon, wadda ba ta faɗi ba tukuna. A waɗannan biyu mai kira yana cikin gidansa. A Yamai an kulle shi a ɗaki, wani yana tsaye a bakin zaure.

Hujja ta uku ita ce al'ada: ECOMOG ta shiga Laberiya a 1990 ba izinin Kwamitin Sulhu, ta kuma mai da Ahmad Tejan Kabbah Saliyo a 1998, Kwamitin bai tsawata ba, har ya yaba. Gaskiya ne. Amma yabo bayan aiki ba izini ba ne, kuma al'ada ba ta zama doka sai ƙasashe sun yarda cewa doka ce. A 2023 abin da aka gani akasin haka ne. Majalisar Dattawan Najeriya ta ba shugaba Tinubu shawara ran 5 ga Agusta ya bi hanyar siyasa. Aljeriya ta ƙi amfani da ƙarfi a fili. Kwamitin zaman lafiya na Tarayyar Afirka, cikin sanarwar da ya fitar ran 22 ga Agusta, ya dakatar da Nijar, amma game da rundunar ko-ta-kwana cewa ya yi ya lura da shawarar, ya nemi a auna abin da za ta haifar. Da Faransanci « prendre note » ne, kuma duk wanda ya fassara shi da « amincewa » ya ƙara gishirin da babu a miya.

Ra'ayinmu shi ne, a halin da ake ciki a Agusta 2023, hujjojin CEDEAO ba su kai ƙarfin da za a kira shirinta « ɗauki » kai tsaye ba.

6. Hujjar Yamai a ma'auni ɗaya

Adalci ya sa mu auna ɗaya ɓangaren da mudun da muka auna na farko. Kalmar da ta fi yawa a bakin masu goyon bayan CNSP ita ce « ɗiyauci », fassarar da muke yi wa « souveraineté » a Nijar. Kalma ce mai kyau, daga « ɗiya » wanda ba bawa ba, kuma ta fi « ƴancin kai » nuna cewa abin na gado ne. Amma ɗiyaucin na wa? Na ƙasa ne, wanda kundin tsarin mulki na 2010 ya ce yana hannun al'umma, kuma wannan kundin ne aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.

Sabbin hukumomin sun yi aiki da ƙofa ta uku kamar na da. Ran 3 ga Agusta 2023 suka soke yarjejeniyoyin soja biyar da Faransa. Faris ta amsa cewa hukumomin da ta sani ne kaɗai suke da wannan iko, wato ta ce wanda ya ce mata fita ba shi da bakin kora; daga baya ta sauko, sojanta na ƙarshe suka bar Nijar ran 22 ga Disamba. Ran 24 ga Agusta Janar Tiani ya ba sojan Mali da na Burkina Faso izinin shigowa idan an kawo wa Nijar hari, ran 16 ga Satumba aka ɗaure wannan cikin yarjejeniyar Liptako-Gurma da ta kafa AES. A watan Maris 2024 aka soke yarjejeniya da Amurka, a watan Afrilu masu horar da soja na Rasha suka sauka Yamai. Da Hausa an kira waɗannan « ƙawance » da « haɗin gwiwa ». Wanda ya ce ƙuri'a 131 ba su isa su mai da Barkhane ɗauki ba, sai ya faɗa mana da wane ma'auni sa hannun mutum ɗaya ya isa. Ko Majalisar Ɗinkin Duniya ta rasa amsa: a babban taronta na Satumba 2023 ba wanda ya yi magana da sunan Nijar, domin ɓangarori biyu sun aika da takardun wakilci.

A nan ne wata kalma ta ƙara dagula ruwan. Faransanci ya raba « légalité » da « légitimité », mu kuwa da « halacci » muke fassara su duka. Kalmar daga halal take, tana ɗauke da nauyin addini, kuma kishiyarta « haramci » ta fi « illégalité » zafi nesa. Sai ga shi ɓangare ɗaya yana cewa « halattacciyar gwamnati » yana nufin wadda aka zaɓa bisa doka, ɗayan yana faɗin kalmar yana nufin wadda jama'a suka cika filin wasa na Seyni Kountché domin ta. Kowa yana ganin ɗan'uwansa maƙaryaci ne, alhali abu biyu suke auna da kalma ɗaya.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa Hausa ba ta da kalma tsaka-tsaki ga « intervention », kuma rabon da take yi tsakanin ɗauki da katsalandan ya dace da tambayar yarda a dokar ƙasa da ƙasa. Mun kuma nuna cewa dokar ba ta gama tantance wanda yake da bakin kira ba idan zaɓaɓɓe da mai riƙe da ƙasa suka zama mutum biyu. Wannan giɓi bai rufe ba don CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairu 2024, ko don Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025.

Ga masu fassara da masu shirya ƙamus na doka muna ba da shawara kamar haka. A ajiye « shigowar sojan waje », ko « shigar sojan waje » gwargwadon wurin mai magana, a matsayin kalmar ba da labari, sa'an nan a bi ta da abin da ya tabbata: da gayyatar wane, da izinin wane. A bar « ɗauki » da « katsalandan » da « mamaya » ga mai sharhi wanda zai kawo hujja ya kuma ɗauki alhakin hukuncinsa. A keɓe « bin doka » ko « dacewa da doka » ga « légalité », a bar « halacci » ga « légitimité ». Akwai kuma buƙatar a sake duban « dokar ƙasa da ƙasa » kanta, domin « doka » a kunnen Bahaushe umurni ne daga sama, wannan kuwa mafi yawanta alkawari ne tsakanin tsara. Tsohuwar kalmar « amana », wadda kakanninmu suke ƙulla zaman lafiya da ita, ta cancanci nazari na musamman. Wannan aiki sai masu harshe da masu doka sun zauna tabarma ɗaya, kuma muna fata a ji bakin dattawan Shikal da Filinge, waɗanda suka gāji labarin abin da ke biyo bayan kiran baƙo mai bindiga.